Matakala ta Ɗari da Sha Huɗu

Ƙarfe biyu da kwata na dare, a Valparaíso,
ƙasa ta yi miƙa kamar mai barci ya juya.
Shayina ya kife kan rajista.
Kafin in goge, jiniyar bakin teku ta ɗauka,
wayoyin gari suka kwarma ihu baki ɗaya:
ku bar gaɓa, ku hau tudu.

Mu goma sha ɗaya ne a ɗakin nan marar taga.
Allo ya feso jajayen ɗigo kamar ƙyanda.
Na gyara abin kunne, na danna.

Muryar yarinya ce, siririya kamar zaren ɗinki.
Sunanta Maite, shekararta tara.
Uwarta na aikin dare a kamfanin kifi.
Kakarta, Eduvigis, ƙafar hagu ta ƙi ta tun bara,
ga shi ta dasa zama a bakin gado,
ta ce ba inda za ta sai an nemo mata haƙoranta.

Na ce, Maite, duba cikin kofi, gindin fitila.
Ta ce, ya aka yi kika sani?
Ban gaya mata tawa kakar ma nan take jiƙa nata ba.

Motocinmu duk sun fita. Sau biyu na duba.
Ba a koya mana yadda ake faɗin wannan ba,
an dai ce kada murya ta yi rawa.
Na ce, akwai matakala a bayan gidanku?
Ta ce, akwai, mai shuɗin fenti, amma doguwa ce.
Na ce, ɗora hannun kaka a kafaɗarki.
Ku ku taka, ni in ƙirga.

Ɗaya. Biyu.
Sanda tana ƙwanƙwasa siminti,
karnuka na haushi, wani na kiran wani Lautaro,
jiniya na ta kai da komo a bayansu.
A ta talatin tsohuwa ta tsine wa maginin matakalar
da wanda ya biya shi.
Na ce, bar ta ta yi, mai zagi yana da sauran numfashi.
A ta sittin da biyu ta zauna.
Na dubi agogo, agogo ya dube ni.
Na ce, Maite, me kaka ta fi so a duniya?
Ta ce, ta ga an yi yadda ta ce.
Na ce, to gaya mata ni na ce ba za ta iya ba.

Sanda ta sake ƙwanƙwasawa.

Tamanin. Casa'in da biyar.
Yarinya ta ce tana hango fitilun jirage suna gudu tsakiyar teku.
Na ce, kada ki waiga.
Ɗari da sha uku. Ɗari da sha huɗu.

Shiru.

Maite? Maite?
Na kira, a kashe. Na sake, a kashe.
Baldomero ya taɓa kafaɗata: Ximena, layi na huɗu.
Wani ne gas ke tsiyaya a kicin ɗinsa.
Bayansa mai naƙuda, bayanta mai neman kyanwa,
kira saba'in da uku kafin gari ya waye.

Teku ya zo iya gwiwa, aka ce,
ya lashi kwale-kwale biyu ya koma.
Aka aika wa wayoyi cewa kowa ya koma gida.
A rajista, inda shayi ya bushe,
akwai gurbin da ake rubuta yadda kira ya ƙare.
Na bar shi fari.

Mu masu wannan aiki tsakiyar labari ake ba mu,
ba kai, ba wutsiya.

Na sayi burodi mai zafi a gindin tudunmu,
na fara hawa, takalmi a hannu.
Sai da maƙwabciya ta leƙo ta taga
na gane a fili nake yi:
ɗari da sha biyar,
ɗari da sha shida.