'Yan Gayya

Kwana goma Kuluwa na shan magani.
Zazzaɓi ya naɗe tabarmarsa ya tafi,
ya bar mini yarinya kamar karan dawa.
Tana ci. Wallahi tana ci.
Tuwo, wake, har ƙwai na sayo a Ƙofar Guga,
amma abincin kamar fasinja a tasha:
ya shigo, ya gaisa, bai kwana ba.

Likita Tabawa ta ajiye biro.
"Malam Ilu, ina gonarka?"
Na ce Batagarawa.
Ta ce, "In ka jibge dami a masussuka,
ba mai sussuka, ba mai sheƙa,
me zai shiga rumbu?

Akwai wasu halittu cikin hanji,
ido bai taɓa yi musu sannu ba,
sun fi yashin rafi yawa.
Abin da ciki ya kasa niƙawa, su ke ɓarzawa,
su tausasa, su tsamama,
su miƙa wa bangon hanji,
bango ya miƙa wa jini,
jini ya kai wa ƙashi rabonsa.
Maganin da ya kori ɓarayi
bai tambayi kowa sunansa ba:
har 'yan gayya ya kora."

Na ce, ina zan samo wasu?
Na shafa aljihu, ina jiran sunan kanti.
Ta rubuta abin da ta rubuta, ta ƙara da baki:
"Kindirmo mai tsabta, wanda aka dafa madararsa.
Ka haɗa da ganye, zogale ko rama,
don ɗan gayya ma sai da abinci."

Daso mai nono ba ta san sunansu ba.
Ita dai ta san ragowar jiya
ake zuba wa madarar yau,
a rufe ƙwarya, a bar dare ya yi aikinsa.
Iri, in ji ta. Daga uwarta ta gada.

Mako uku.
Awarwaron da ke zamewa har gwiwar hannu
yau ya tsaya inda aka sa shi.

Jiya da dare, an ɗauke wuta,
na ji cikinta yana ƙugi a hankali.
Da can, da na tashi uwarta.
Sai na sunkuya kusa da cibiya,
kamar mai wucewa ta gefen gona,
na ce: sannunku da aiki.