Ɗigon Bayan La'asar

Mu bakwai ne a ɗakin gwajin nan na Auyo,
kwamfuta uku, madubin leƙe ɗaya,
da fanka mai juyawa in ta ga dama.
Ta taga, shinkafa kore shar har bakin kanal,
sauron da ya tara mu yana ciki yana ƙailula.

Mako shida ina leƙen jini.
Jajayen ƙwayoyi zube kan gilashi
kamar ƙwandalolin da aka ɓarar a tabarma,
wata da ɗan zobe shuɗi a cikinta:
ɓarawo ya shiga ɗaki ya ja ƙyaure.
Nakan ƙirga, in rubuta, in murza ido, in sake.

Ran Talata alƙaluma suka yi mini fara'a.
Yaran Tudun Kanya, zobensu kaɗan ne.
Yaran bakin ruwa, fal.
Na ja zane, tsauni biyu suka tashi, dogo da gajere,
na ji sunana a bakin mutanen da ban taɓa gani ba.
Ko abincin rana ban ci ba.

Dakta Hansatu ta ja kujera.
Ba ta ce madalla ba.
Ta ce, "Tasi'u, yaushe ka ƙirga wannan?"
Na ce ai ranar tana rubuce.
Ta ce, "Ba rana ba. Ƙarfe nawa?"

Sai ta sa na ƙara layi guda a jadawali,
layin da na raina:
na safe shuɗi, na yamma ja.
Na danna.
Gajeren tsaunina ya yi jawur
kamar an zuba masa manja.

Ashe jinin Tudun Kanya a babur ɗin Ɗanliti yake zuwa,
shi kuwa sai ya sauke masu kasuwa tukuna.
Kafin gilashi ya sha rini ya bushe, an kira la'asar,
batirin sola ya fara haki,
fitilar madubi ta koma ruwan koko,
ni ma idona ya gaji da gaskiya.
Ba jininsu na auna ba.
Gajiyar batir na auna, da tawa.

Barira ta yi dariya har da riƙe ciki,
sannan ta buɗe nata shafin,
ta yi shiru.

Dakta ta ce, "Kakata awo take yi a kasuwar Kafin Hausa.
Tiya ɗaya ce, amma ta safe da tozo,
ta yamma a shafe.
Wanda bai san hannun mai awo ba
sai ya zargi gona."

Washegari muka liƙe sunayen da filasta.
Mudan ya cakuɗa gilasan kamar mai raba karta,
ya ɓoye takardar a aljihun gaba.
Muka ƙirga da hantsi kaɗai,
ido biyu ga kowane gilashi,
ba wanda ya san ɗan wa yake leƙe.
Kwana tara.

Tsaunukan suka dawo kusan kai ɗaya.
Kusan.
Akwai ɗan bambanci, siriri kamar zaren lilo,
na ce, "Dakta, wannan fa?"
Ta ce, "Yara talatin ne. Kada ka gina rumbu a kansa.
Rubuta cewa ba mu sani ba tukuna,
ka rubuta shi da kyau."

Akwai ɗigo guda da ya yi nisa da 'yan uwansa,
can sama, shi kaɗai, lamba ashirin da uku.
Da can, da na share shi don zane ya yi tsaf.
Yau na nemi takardar Mudan.
Yarinya ce, shekara huɗu.
Ɗanliti ya ce ya san gidan,
akwai kuka a ƙofarsu.
Na rufe kwamfuta, na karɓo magani wurin nas,
na hau bayansa.