Gida Mai Lamba Ɗari Biyu da Sha Huɗu

Mai sayen masara a kasuwar Kawo
ba ya zazzage buhu.
Ƙarfe yake sokawa ta gefe, ta gindi,
ya murza 'yan ƙwayoyi a tafinsa,
ya san abin da zai biya.
Haka Madam Rifkatu ta fara mana darasi.

Na'ura ta jefa ƙuri'a kan unguwanni,
ta faɗo Kakuri;
kan layuka, ta faɗo bayan masaƙa;
kan ƙofofi, ta faɗo ta Malam Shitu.
Maƙwabcinsa ya tare ni: "Nawa ya ba ku?"
Ko sisi. Ƙuri'a ba ta da suruki.

Shekarar farko, baki tara kan tukunya ɗaya.
Ta biyu, takwas:
Ladidi ta tafi karatun jinya Kafanchan.
Ta uku, tun daga nesa ya jawo mini benci,
ya ce, "Ɗan tambaya,
har yanzu ba ku haddace ni ba?"

Na ce masa a lissafinmu
shi ba gida ɗaya ba ne,
gida dubu huɗu yake ɗauke da su.
Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi:
"Ashe shi ya sa bayana ke ciwo."

Bana kwaɗo na tarar a ƙofa.
Mai awara ta ce ruwan Agusta ya ci ɗakin baya,
sun kwashe.
Rigasa, in ji wani. Wani ya ce Zariya.
Wayarsa a kashe.

Ofis ba ya barin gurbi.
Madam ta zaƙulo masu kama da shi,
tsofaffin masaƙa, 'yan haya, masu jikoki,
ta rarraba musu nauyinsa
kamar gadon da babu mai sanar da su.
Wani dattijo a Tudun Wada
ya wayi gari da ƙarin gida ɗari bakwai a wuya,
ya sha kokonsa, bai ji komai ba.

Sikeli ya daidaita.
Ta ce kuskuren bai kai biyu cikin ɗari ba,
kuma na yarda, na ga lissafin.

Duk da haka gobe zan shiga keke zuwa Rigasa
da kuɗin aljihuna.
Akwai tambaya ta sha bakwai, ta lafiyar maigida.
Bara ya ce, "Da sauƙi,"
yana kawar da kai.