Tambaya ta Goma Sha Bakwai

Fom ɗin shafi huɗu ne.
Ido lafiya. Kunne lafiya.
Zuciya ta zana tudu da kwarinta a takarda,
Dakta Modi ya duba, ya ce ba laifi.
Sai tambaya ta goma sha bakwai:
kana shan wani magani kullum?
Gurbi biyu ƙanana, kamar na dara,
ɗaya E, ɗaya A'a,
biro yana zamewa a yatsuna.

Ƙwayar ba ta kai wake ba.
Fara ce, da tsaga a tsakiya.
Bayan asuba nake haɗiye ta da ruwan randa.
Dalilinta Nafi'u ne, ƙanena,
mai ɗauko ni daga filin jirgi
a tsohon babur ɗinsa mai tari.
Bayan mun kai shi makwanci
na yi wata bakwai ina tashi
da rai ɗari da ashirin a bayana,
ina yi musu maraba da murya mai daɗi,
in sauka, in shiga ɗaki,
in kasa kwance igiyar takalmi.
A lokacin ba takardar da ta tuhume ni.
Ciwon ba shi da gurbi a fom,
maganin ne ke da shi.

Na san wani, ba zan kama suna ba,
da ke juye tasa a kwalbar maganin ciwon kai.
Na san wani da ya ƙi sha sam
don kada a taɓa masa lasisi.
Yanzu haka yana sama, wataƙila bisa Gusau.

Na cike gurbin E.

Dakta ya cire tabarau, ya goge, ya mayar.
"Kyaftin Haliru, za ka ɗan taka ƙasa.
Wata shida, mu ga yadda ta karɓe ka."

Wata shida a Mabera.
Na iya cinikin albasa.
Na san sa'ar ɗauke wuta ba sai da agogo ba.
A teburin mai shayi an ce kora ce,
wani ya ce ido ne ya lalace, wani ya ce sammu.
Inna ta ce, "Kai da ka kai alhazzai Jidda, mi ka rasa?"
Na rasa ta cewa, na ƙara mata fura.

Da la'asar jirgin Abuja kan sunkuyo,
ni ina tsakar gida da buta a hannu,
leɓena na motsi: saki tayoyi, rage gudu,
sannu, sannu, ɗaga hanci kaɗan.
Kulu ta daina tambaya da wa nake magana.
Na san abin da mutumin ke gani:
hayaƙin Kalambaina, koren fadama,
Rima kamar zaren da ya kuɓuce wa masaƙi.

Kowane wata, kujera ɗaya, fanka ɗaya.
Fara daga ɗari, riƙa cire bakwai.
Casa'in da uku. Tamanin da shida.
Kana barci? Ina yi.
Hannu na rawa? Na miƙa, ya tsaya.
Kana tunanin mutuwa?
Ina tunanin Nafi'u, Dakta. Ba ɗaya ba ne.
Ya daɗe bai rubuta komai ba.

Takardar ta iso ranar Talata,
damina ta riga ta sauka.
An yarda, da sharaɗi a ƙasan hatimi:
kada ya tashi sai da matuƙi na biyu a gefe.
Na karanta wa Kulu sau biyu.
Ta ce, "Da can kai kaɗai kake tashi?"
ta ci gaba da tsince shinkafa.

Gobe ƙarfe shida.
Na goge takalmi, na ɗaure, na kwance, na ɗaure.
Ƙwayar tana aljihun gaba,
cikin kwalinta, da sunanta a jiki.
Abin da ban shirya ba har yanzu
shi ne wanda zai ɗauko ni idan na sauka.