Tebur na Arba'in da Bakwai

Tun asuba na baro Shrewsbury,
kwali a cinya, numfashi a maƙoshi.
Duk inda jirgin ƙasa ya yi gargada
sai zuciyata ta riga shi tuntuɓe.
Shekara talatin ina kwance ƙarƙashin motocin haya,
baƙin mai bai gama barin farcena ba,
ga ni yau ina riritar kek
kamar wanda aka ba jinjiri ya riƙe.

Zauren Birmingham ya yi garejinmu goma.
Na buɗe hanci tun daga ƙofa,
ina jiran ƙamshin bota da ƙwai.
Shiru.
Sai fitilu, sai ƙarar takalma.

Na ga mujiya mai gashi dubu,
kowane gashi da hannu aka yanka.
Na ga gidan sama hawa bakwai, har da tagogi.
Na ga tsohon takalmi na sukari,
da igiyarsa, da lakar dunduniya,
har na kusa cewa a ɗauke shi daga kan tebur.

Nawa kuwa hawa biyu ne,
na saman ya ɗan jingina hagu
kamar mai sauraron sirri.
Furanni tara na yi masa a dare tara,
Bethan jikata tana riƙe mini fitila,
tana cewa, "Kaka, hannunka yana rawa."
Da na ɗaga murfin kwali, takwas na tarar.
Na taran ya zama gari a kusurwa.

Morag, mai tebur na kusa, daga Dundee ta zo.
Ba ta ce sannu ba, ba ta ce kash ba,
hantsaki kawai ta miƙo,
ta ce, "Matso da na ukun, ya rufe gurbin."
Sai ta sunkuya, ta shinshina,
ta ɗago tana kallona.
"Alwyn, kek ne a ciki?"
Na ce, "To, me zai kasance?"

Ta ƙwanƙwasa gefen nata da farce.
Ƙwas, ƙwas.
Farin soso ne, irin na kwalin talabijin.
Mujiyar ma haka, gidan saman ma haka.
Ashe nan ado ake aunawa,
ba wanda zai kawo wuƙa.

Alƙalai uku suka zo da fararen riguna.
Ɗaya ta haska ƙaramar tocila,
ta bi gefen kirim ɗina a hankali
kamar yadda nake bin bututun birki
in ina neman inda yake yoyo.
Ta samu.
Ta rubuta layi biyu, ta wuce.

Ban ci komai ba.
Takardar ta ce: gefe bai miƙe ba,
furanni sun yi kauri, a ƙara ƙoƙari.
Na ninke ta huɗu, na sa a aljihun gaba.

Ƙarfe biyar aka fara kwashe kaya.
Mai mujiya, lambar zinariya a ƙirji,
yana zaune kan akwati yana hamma,
tun safe ko shayi bai sha ba.
Morag ta zunguro ni da gwiwar hannu.
Na ciro 'yar wuƙar da nake fere waya,
na goge ta da kyau,
na yanka.

Sai lemun tsami ya tashi a zauren.

Mai shara ya jingine tsintsiya.
Mai mujiya ya miƙo tafi biyu.
Alƙaliyar nan ma, ta cire farar riga,
ta karɓi nata a kan murfin kwali,
ta ci a tsaye, ba ta rubuta komai ba.

Na dawo a jirgin ƙarfe bakwai da rabi,
kwali fayau, na ajiye shi a ƙasa.
Jirgin ya yi ta gargadarsa, ban kula ba.
Fure ɗaya na rage wa Bethan a cikin hankici,
da hantsakin Morag,
da ta ce in dawo mata da shi baɗi.