Gidan da Ya Riƙe Numfashi

Ranar Talata mai duba gida ta zo,
Bronagh, yarinya sa'ar jikata,
da tsani mai naɗewa da tocila ɗaure a goshi.
Na zuba mata shayi, ya huce a kan tebur.
Ta ture murfin silin ta shige sama,
inda ba wanda ya leƙa tun rasuwar Wilfred.

Na tsaya ina bin takunta da ido
kamar mai iya gani ta cikin siminti.
Da ta sauko, hannun rigarta a jiƙe.
Ta ce, "Misis Ackroyd, rufinki gumi yake yi."

Gumi? A Todmorden, a watan Fabrairu,
da ko tumakin kan tudu sai sun haɗa jiki?

Ta ce tururin tukunya ne, da na wanka,
da numfashin duk wanda ya kwana a gidan nan.
Ya hau, ya tarar da sanyi, ya zama raɓa,
ya nemi ƙofa ya rasa.
Azara uku sun yi baƙi.
Ta nuna min hoto: funfuna ta yi musu gemu.

Na tuna bazarar.
Wilfred a kan tsani, ƙusa a baki,
yana ɓamɓare tsoffin katakan bakin rufi,
na goshi mai riƙe indararo, da na ƙarƙashin haɓa,
ya maye su da roba fara fat, wadda ba ta son fenti.
Kowace tsaga ya bi da danƙo.
Shi dai a wurinsa sai bango ya tsage
ɓarna ke samun wurin shiga.
Gwarare suka dawo, suka yi ta shawagi kwana biyu,
ba su ƙara zuwa ba.

Milimita goma, in ji Bronagh.
Abin da ake nema ke nan:
siririyar kafa daga wannan kusurwa zuwa waccan,
gaba da baya,
iska ta shiga nan ta fita can.
Na dubi ƙaramin yatsana. Ya fi haka kauri.

Lauyan masu saye ya aiko wasiƙa,
yana son takardar shaidar aikin.
Na zazzage gwangwanin biskit a kan gado:
rasiɗin tukunyar gas, katin asibiti,
hoton Neville kafin ya tafi Perth,
sai wata 'yar takarda da rubutunsa mai karkata:
"An gama. Ba sauran inda iska za ta bi."

To, Wilf.
Haka ka yi ran da aka rufe masaƙa,
ka dawo ka wanke hannu ka ce abinci ya yi daɗi.
Haka ka yi a tashar jirgi,
yaro na ɗaga hannu, kai kana duba agogo.
Rufin asiri ka iya,
ba wanda ya gaya maka rufi ma yana son iska.
Ni kuma ina ƙasa ina dafa ruwa,
shekara arba'in da ɗaya,
ban taɓa hawa na duba ba.

Alwyn kafinta ya zo da injin huji ranar Litinin.
Huda bayan huda, zagaye kamar bakin kofi,
kowace ya toshe ta da 'yar raga.
Ɓarɓashin roba ya zubo kan furannina,
na share, wani ya sake zubowa.
Masu saye suka rage fam dubu biyu saboda azara.
Ban yi ciniki ba.

Daren nan na ji wani siririn fito a sama,
kamar na mai barci da ya juya kwanciya.
Na ɗauko rigar sanyinka na saka, mai faci a gwiwar hannu.
Juma'a zan sa hannu.
Matar tana da ciki, na gani;
za a yi ta dafa ruwa a gidan nan.