Littafin Sanarwa

Ranar da Baba Dachollom ya miƙo mini littafin sanarwa,
bangonsa ya ci ruwa, manja ya zauna a kusurwa.
Ya ce, "Nanribet, idanuna sun yi ritaya kafin ni.
Karɓi. Biron yana ciki,
sai dai yakan yi gardama in Jos ta tashi da sanyi."

Na ɗauka aikin agogo ne da lissafi:
ƙarfe nawa sujada,
nawa aka tara a baiko,
wace Asabar zumuntar mata za su share majami'a.
Na jera su tsaf, layi bisa layi,
na karanta ran Lahadi da muryar 'yan rediyo.
Dattawa suka yi hamma.
Wani yaro a baya yana ta ɓare gyaɗa.

Baba ya tare ni a bakin ƙofa, sandarsa a hannu:
"Kin karanta mana lokaci. Ina mutanen?"

Daga nan na soma bin Kabong da ƙafa,
ina hawa dutse, ina tsallake kwata.
Gidan Chundung, ƙanƙara ta huda kwanon ɗaki,
bokiti uku ke kwana a farke tare da ita.
Na rubuta.
Kefas ya gama koyon walda a Gada Biyu,
hannu ya iya, injin ne babu.
Na rubuta.
Dankalin Davou ya ruɓe a gona kafin mota ta zo,
ya ce kada in sa wannan, abin kunya ne.
Na rufe littafin, muka sha gwate shiru.
Ashe akwai labarin da ba na takarda ba,
na kunnen mutum ɗaya ne, da na Ubangiji.

Lahadin da na karanta sunan Chundung,
kafin a tashi, kafinta biyu sun yi ƙus-ƙus,
ran Talata guduma ta tashi unguwa daga barci.
Na fara jin kaina, ban ɓoye ba.
Har biro na canza, na sayi mai tsada a Taminus.

Sai ga benci na huɗu, gefen taga.
Lahadi uku wurin Ngo Kaneng babu kowa,
ni mai littafi ban lura ba.
Wata 'yar mawaƙa ce ta tambaya,
"Ina kakar nan mai rigan kowa cewa amin?"

Na same ta kwance, santsin dutse ya kayar da ita.
A bakin gadon, Rakiya mai masa, maƙwabciyarta,
wadda ba ta taɓa taka majami'armu ba,
tana fifita kunu da murfin tukunya.
Ta ɗago ta dube ni, ta dubi littafin.
"Ku ne mutanen cocin?
Kun makara, amma shigo, tabarma na nan."

A hanyar gida ruwa ya kama ni a Rukuba Rod.
Na laɓe a rumfar mai faci,
na rubuta sunan Ngo Kaneng,
na rubuta na Rakiya a ƙarƙashinsa,
sannan na rubuta nawa, cikin waɗanda suka makara.

Ran Lahadi muryata ba ta rediyo ba ce.
Ta yi rawa, ta tsaya, ta ci gaba.
Babu wanda ya ɓare gyaɗa.
Da yamma mata bakwai suka hau dutse da acca a ka,
kwano ɗaya na mai jinya,
ɗaya na mai jinyar mai jinya.

Yanzu kafin in buɗe littafin
nakan tsaya in ƙirga bencina da ido,
ba waɗanda suka zo ba,
gurbin da ke tsakanin kafaɗa da kafaɗa.

Baba Dachollom ba ya gani sosai yanzu.
Jiya ya shafa shafin da yatsa, ya ce,
"Takardar ta yi laushi. Ruwa ya dake ta?"
Na ce e.
Ya ce, "To, kin fara."